Shinkafa da 'Yan Cikin Teku

Akwai wani saurayi a Dutse mai suna Abdulrauf, akawu a sakatariya. Yaron kirki ne, amma yana da ciwo ɗaya: bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Ko kan jirgin sama ka tambaye shi, zai ba ka amsa kamar shi ya ƙera.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, yana neman auren Mashkura, 'yar wasu makiyaya a Kiyawa. Maganar tana hannun baffanta, Modibbo, kuma dattijon ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a.

Wata rana Modibbo ya shigo Dutse. Don ya burge shi, Abdulrauf ya kai shi wani sabon otal. Aka kawo takardar abinci da Turanci, an fassara ta da wata irin Hausa mai ban tausayi. Ya dangwala yatsa a kan "shinkafa da 'yan cikin teku", don kawai sunan ya fi tsawo.

Da aka buɗe kwano, Abdulrauf ya leƙa. Wasu jajayen halittu ne kwance a kan shinkafar, da gashin baki da ƙafafu rututu, sai ka ce 'yan uwan kunama.

Ga shi ba halin ya ɗanɗana, domin suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Yana rakuɓe a gefe, hannu a gwiwa.

Modibbo ya wanke hannu, ya dube shi. "Yaro, mene ne wannan? Ya halatta?"

Ƙarya ta zo har bakin Abdulrauf, kamar ya ce fara ce irin ta Turawa a wuce wurin. To in ya ciyar da dattijo haram fa? In kuma ya ce bai sani ba, ina girman akawu? Tsoro ya kama shi sosai, yana ganin Mashkura tana kuɓuce masa a kan kwanon shinkafa.

Ya sunkuyar da kai. "Baffa, wallahi ban sani ba. Ban taɓa ganinsa ba. Bari a tambaya."

Aka kira mai dafawa, Hindatu, ta ce jatan lande ne, a ruwa yake rayuwa kamar kifi. Modibbo ya yi bismilla ya ci.

Da ya gama sai ya ce, "Bara wani ya yi wa shanuna allura, ya rantse ya san maganin. Rabin garken na binne. An ce mini kai ma komai ka sani, shi ya sa na riƙe maganar. Ka turo manyanka."

Darasi: "Ban sani ba" ba ta rage wa kowa daraja, cika baki ne yake jawo asara. Ku tura wa wannan abokin naku da ya san komai, ko Allah zai sa ya karanta har ƙarshe.