Kwanon da Ba a Buɗewa a Gaban Mutane

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Malam Tanimu ake ce masa, shi ke kula da ɗakin karatu na garin. Ba shi da komai sai tsohon keke.

Ku saurara. Dogon hutu yakan faɗo tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Yara su zo karatu da safe, kafin azahar yunwa ta kore su. Sai Malam Tanimu ya bi gida-gida yana roƙo: "Mu yi wa yaran nan ciyayya. Kowane gida ya aiko kwano ɗaya a rufe, a haɗa a ci tare."

Aka amince. Amma akwai Ladidi, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Ran farko Malam ya buɗe kwanonta, wayam! Ba ta da abin zubawa, kuma ba ta so 'ya'yanta su zo hannu rabbana. Tausayi ya kama shi. Daga ranar ya sa doka: shi kaɗai zai riƙa buɗe kwanuka, a can ƙuryar ɗaki.

To, kun san bakin mutane. Alhaji Namadi mai awo ya fara cewa, "Wannan ƙurya da walakin. Nama yake tsincewa." Magana ta zaga gari. Malam ya ji, ya yi shiru, don in ya wanke kansa asirin Ladidi ya tonu.

Rannan Alhaji ya banko ƙofa. Me zai gani? Malam a tsugune, yana juye tuwon da ya kawo daga gidansa cikin kwanon da ba komai.

Alhaji ya mayar da ƙofa ya rufe. Ya ce, "Malam, kwanon wane gida ne?"

Malam ya ce, "Alhaji, ka ci gaba da ce mini ɓarawo, ya fi mini sauƙi da in faɗa."

Washegari kwano biyu suka fito daga gidan Alhaji, bai kuma sake tambaya ba.

Jama'a, ciyarwa lada ce, amma rufin asiri ya fi ta wuya. Mu da ba ma ba da loma sai unguwa ta ji, mu binciki kanmu. A layinku akwai kwanon da ke fita a rufe ba komai ciki. Ku cika shi, ku kama bakinku. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.