Yaron da Aka Rubuta a Littafin Tsintuwa

Ku gyara zama, ga wata nan ta biyo layin dogo ta iso. Ni kawowa ce tawa; idan na kai ƙarshe, hukunci ya koma hannunku.

A wata babbar tashar jirgin ƙasa an yi wani mutum ana ce masa Ɗanjirgi. Ba shi ne sunansa na yanka ba, amma na yankan ba wanda ya san shi, har shi kansa. Yana ɗan shekara uku aka tsince shi a cikin tarago bayan kowa ya sauka, yana zaune a ƙasa yana tsotsar guntun rake. Wata mai tuwon sayarwa a bakin tasha, Inna Marka, ta goya shi, ta ce za ta riƙe kafin masu shi su zo. Masu shi ba su zo ba.

A tashar ya girma, kamfanin jirgin kuma ya ɗauke shi aikin ƙwanƙwasa ƙafafun taragu. Jirgi na tsayawa zai bi shi da guduma, ya buga, ya kasa kunne. Lafiyayyar ƙafa takan amsa da ƙara mai zaƙi, mai tsaga kuwa sai ta amsa kamar fasasshen tulu. Shekara talatin da biyar yana wannan sauraro har ya yi ritaya, ga 'ya'ya ga jikoki, ga fara'a kamar ba ya da abin da ke damunsa.

Amma akwai abu ɗaya. Bayan kowace salla yakan yi wa marigayiya Inna Marka addu'a da sunanta. Idan ya zo kan wadda ta haife shi, sai harshensa ya tsaya cak, ya ce, "Da waccan baiwar taka, ya Allah, Kai ka san sunanta." Sunan nan yake so ya ji kafin shi ma a kai shi makwanci. Yana saurayi ya nema. An buɗe masa littafin haɗari, an buɗe na asibitin ma'aikata, an tambayi 'yan sandan tasha, ko'ina babu shi. Kamar daga sama ya faɗo cikin taragon.

Yana da aminai uku, duk tsofaffin ma'aikatan kamfanin, waɗanda suke dara tare a gindin durumin bayan tasha: Jatau masinja, Malam Sahabi akawu, da Audi mai duba layi.

Ana nan sai kamfanin ya ba da sanarwa cewa zai rubuta tarihinsa tun daga ranar da aka shimfiɗa dogon farko, duk mai tsohuwar takarda ya kawo. Samarin ofis suka zo da na'urar ɗaukar hoto, suka buɗe ɗakin ajiya, suka tarar ba kome sai kashin jemage. Suna shirin juyawa, Jatau ya tashi daga kan dara ya ciro wani mabuɗi daga wuyansa.

Ga abin da Jatau ya yi. Shekara ashirin da suka wuce an yi wata iska da ta yaye kwanon ɗakin ajiya, ruwa ya shiga zuba a kan kundaye. Jatau bai iya karatu ba, ko baƙi ɗaya. Amma shekara da shekaru yana ɗaukar littattafan nan a ka daga ofis zuwa ofis, ya san nauyin kowanne kamar yadda uwa ta san nauyin 'ya'yanta. Shi kaɗai ya yi ta jidarsu cikin ruwan, ya kai su wani mataccen tarago a ƙarshen layi. Ya shanya su shafi-shafi, ya jera su a kan katako, ya zagaye ƙafafun taragon da toka saboda gara, ya cusa ganyen darbejiya tsakanin kundi da kundi. Kowace damina sai ya sake ganyen. Masu ƙosai sun bi shi har gida suna neman takardar ƙunshi, ya ce takardar kamfani ba ta san mai ba. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya tambaye shi. Da ya buɗe ƙofar ranar nan, kundi ɗari huɗu da ɗoriya suna nan lafiya lau.

Ɗanjirgi ya tsaya a bakin taragon, ƙamshin tsohuwar takarda ya buge shi, zuciyarsa ta motsa. Ya ce, "Akawu, ko ina ciki?"

Ga abin da Malam Sahabi ya yi. Ya goge tabarau ya ce, "Na Marka, da can a ina ka neme ka?" Ɗanjirgi ya lissafa masa. Sahabi ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ba ka ji ciwo ba, ba ka yi sata ba, jirgi bai take ka ba. Akawun wancan zamani in abu ya zo gabansa, dole ya shiga littafi kafin a tashi aiki, kuma ba a ba shi littafin mutane ba. Jatau, miƙo mini na tsintuwa."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana bin rubutun nan mai kwanciya, wanda samarin ofis suka ce tafiyar tururuwa ce. Ran na goma sha biyu ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya karanta wa Ɗanjirgi a hankali. A sama laima ɗaya baƙa. A ƙasa buta ɗaya marar murfi. A tsakaninsu: yaro ɗaya, lafiyayye, an ɗaure ƙafarsa da jan kallabi a jikin benci. Ga kwanan wata, ga lambar tarago.

Jatau ya ce, "Ashe shekara ashirin ina sa maka ganyen darbejiya." Suka kwashe da dariya, Ɗanjirgi na dariya, hawaye na bin gemunsa.

Sahabi bai tsaya nan ba. Ya bi lambar taragon cikin littafin zirga-zirga, ya gano cewa da safiyar ranar an cire taragon daga jirgin reshen gabas a mahaɗar layuka, an maƙala shi a wani jirgi dabam. Shi ya sa duk wayar cigiya da aka buga ta bi jirgin farko, yaro kuwa yana can ya yi arewa. Ya sa aka zaro littattafan cigiyar kaya na reshen gabas, kuma a ɗaya daga ciki, a ranar dai, ga shi an rubuta: ana cigiyar yaro mai jan kallabi a ƙafa. Sai dai ƙananan tashoshi ba a rubuta sunan ƙauyensu, lambar mil daga mahaɗa kawai ake sawa. Mil sittin da ɗaya. Reshen kuwa an rufe shi shekara talatin, daji da gonaki sun cinye shi, turakun mil duk an tuge.

Ga abin da Audi ya yi. Shi aikinsa tun yana saurayi tafiya a kan dogo, yana duba ƙusoshi da gaɓoɓin da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, ya san gaɓa nawa ke cikin mil ɗaya kamar yadda ya san yatsunsa. Bai ce wa kowa kome ba sai, "Ku riƙe mini gidana na dara." Ya ɗauki sanda da gora, ya hau mota zuwa mahaɗa, ya sa ƙafa a kan tsohon layi, yana da shekara saba'in da biyu. Inda ƙarfe yake, ya ƙirga gaɓa. Inda aka kwashe ƙarfe, ya bi tsakuwar layi a ƙarƙashin kunyoyin dawa, ya ƙirga taku. Inda gada ta karye, ya naɗe wando ya shiga ruwa. Duk mil ɗaya sai ya jefa tsakuwa a aljihu. Ran kwana na tara, ƙafafunsa sun kumbura, ya zazzage aljihu ya ƙirga sittin da ɗaya. Ya ɗaga kai, sai ga wani dakalin siminti cikin ciyawa, an share gefe ɗaya tas, wata tsohuwa na zaune a kai tana ɓarzar gyaɗa. Ya yi sallama, ya ce, "Baiwar Allah, jirgi kike jira a nan?" Ta ce, "A'a, kallabina nake jira."

Sunanta Tabawa. Tana 'yar shekara goma aka sa ta kai ƙanenta wurin kakarsu, can gaba da mahaɗa. Da jirgi ya tsaya a mahaɗa yaron ya yi kukan ƙishirwa, ta ɗaure ƙafarsa a benci don kada ya bi ta, ta sauka ɗebo ruwa. Da ta dawo jirgin na nan, taragon babu.

Ranar da aka kai Ɗanjirgi ƙauyen, da hantsi ne, gari duk ya fito, mata na guɗa. Tsohuwar ta taso da sanda, ta zagaye shi, ta kama kunnensa ta duba bayansa, sannan ta dangware shi a ka.

Ta ce, "Tanko, ba na ce ka zauna nan ina zuwa ba?"

Ya ce, "Ai na zauna, Yaya. Ke ce kika daɗe."

Suka rungume juna suna kuka suna dariya, har masu guɗa suka rasa wanne za su taya su. Da hankali ya kwanta ya tambaye ta abin da ya kawo shi. Ta ce mahaifiyarsu ta rasu shekara goma sha takwas ke nan, kuma har ta bar duniya ba ta yarda an ce ya mutu ba. Sunan kuwa, ɗa ba ya kiran sunan uwa a bainar jama'a, don haka ta jawo kansa ta raɗa masa a kunne. Kunnen nan da ya shekara talatin da biyar yana sauraron ƙarfe bai taɓa jin ƙara mai zaƙin wannan ba. A sallar azahar ta ranar, ya daɗe hannunsa a sama, harshensa kuma bai tsaya ba.

Bayan an ci an sha, Tabawa ta shiga ɗaki ta fito da wani babban luru mai ratsin fari da shuɗi. Ta ce uwarsu ce ta kaɗa zarensa da hannunta, damina bakwai tana kaɗi, ta ba masaƙi ya saƙa. Ta bar wasiyya cewa na wanda ya dawo mata da ɗanta ne, mutum ɗaya, kuma kada almakashi ya taɓa shi.

Sahabi ya ce a ba Audi, ko ya samu abin naɗe ƙafa. Audi ya ce shi lamba aka ba shi ya bi, a ba Akawu. Jatau ya ce in dai sun rasa mai so, shi ya iya ajiya. Tanko ya tsaya da lurun a hannu, ƙamshin ɗakin uwarsa na tashi daga jikinsa, yana duban wannan yana duban wancan. Da Jatau bai tsare kundayen ba, da babu abin karantawa. Da Sahabi bai san inda akawu zai rubuta ɗan mutum ba, da suna nan a rufe da ganyensu. Da Audi bai taka ba, da mil sittin da ɗaya ta zauna a takarda, Tabawa kuma a dakali.

To, jama'a, luru ɗaya ne, wasiyya kuma ba a karya ta. A kafaɗar wa Tanko zai ɗora shi?