Waƙar Cindo da Aka Sa wa Kwaɗo

Ku matso, jama'a, yau na zo muku da wadda za ta sa shayin nan ya huce ba ku sha ba. Kai Mati, kife wayar nan a kan tabarma, ai labarin ma nata ne. Ga ta nan tafe gare ku, kuma ba mai tashi sai ya yanke hukunci.

A Tudun Kanya an yi wani makaɗin noma ana ce da shi Cindo. In ya rataya ganga ya tsaya a bakin gona ranar gayya, raggon da ke fakewa da ciwon baya ma sai ka ga ya fizgi garma yana huci. Yana da wata doguwar waƙa da ya gada wurin ubansa, wadda ke ambaton gonakin garin ɗaya bayan ɗaya da mazan da suka fara sare su. 'Yan amshinsa amshi kawai suka iya. Gundarin waƙar a kan Cindo yake, shi kaɗai.

Wata shekara mutanen wani kamfani suka zo daga birni da na'urori, suka ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe. Cindo ya yi ta murna, ya ce ko ya mutu muryarsa ta tsira. Bai san kwaɗo za su sa mata ba. Ba a jin ta sai a cikin manhajarsu, manhajar kuma ba ta hawa sai irin wayoyin nan da aka liƙe ruf, waɗanda ko batirinsu ba ka isa ka cire ba. Ba ka tura wa maƙwabcinka, ba ka juye ta wani wuri. Mai waƙar da kansa sai an ara masa waya yake jin muryarsa.

To, Cindo na da 'ya'ya uku. Babbar ita ce Lantana, mai sayar da atamfa a birni. Wayarta irin liƙaƙƙiyar nan ce, tana ji da ita kamar ƙwai, kuma ranar da waƙar ta fito ta saya ta sauke a ciki. Mai bi mata Barau, mai gyaran waya a kasuwar birni, mutum marar yawan magana. Sai auta Jatau, wanda ya haɗa maganar su ukun ya riƙe shi kaɗai. Shi tsohuwar waya ce gare shi, ɗaure da roba, ya goge manhajar kamfani ya sa mata wadda yake kira ta 'yanci, wato wadda kowa ke da ikon leƙa cikinta, ya gyara, ya ba wani. Da ya fara wa'azinsa a gari, mutane suka ɗauka rabon kyauta ya zo yi, har dattawa suka riƙa sallama a ƙofar gida suna neman katin waya. Jatau ya yi ta kumfar baki: "Ni ban ce kyauta ba, 'yanci na ce! Akuyar da aka ba ka amma igiyarta na hannun wani, taka ce?" Tun daga nan sunansa ya koma Malam 'Yanci.

Duk sallar da suka haɗu a gida sai an yi ta.

"Yaya Lantana, wayar nan taki baiwa ce," in ji Jatau. "Ubangidanta na can wata ƙasa, ke gadi kawai kike masa."

"To sannu, ɗan gidan 'yanci," in ji Lantana. "Taka 'yar ai sai an yi mata tofi take kamawa."

Barau kuwa sai dai ya ce, "Ku yi ta yi. In sun lalace duk teburina za su zo."

Ana nan, farkon wata damina, Cindo ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya ɗaure. Mutumin da muryarsa ke tsallake gona biyu ya koma ko ruwa sai ya nuna da ido. Yana kwance yana jin manoma na wucewa da garemani shiru, ba kiɗa, hawaye na bin kuncinsa. Likitar da ta duba shi ta ce wa 'ya'yan, irin wannan ciwo wani lokaci waƙar da mutum ya fi sani ita ke kwance masa harshe, in ya ji ta da muryarsa. Amma ta ce kada su yi sanya, don harshe in ya daɗe a kwance nauyi yake ƙarawa.

Lantana ta ce ai nesa ta zo kusa. Ta zaro waya ta danna. Sai ga hoton ubanta da gangarsa, ga wani ɗan kwaɗo a kansa, waƙa ta ƙi tashi. Ashe kamfanin ya rushe, na'urar da ke ba wayoyi izinin kunna waƙar an kashe ta.

"Ni da na saya da guminna!" in ji Lantana.

"Aro aka ba ki, Yaya," in ji Jatau. "Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Yau ga baiwar ubanmu a hannun baiwa."

Gaskiya ya faɗa, amma ni da ina wurin da na make masa ƙeya, don ba ranar faɗinta ba ce. Yanzu ku buɗe kunne, ga abin da kowannensu ya yi.

Lantana dai, ku sani, aka bincika gabas da yamma ba a sami mutum ɗaya da waƙar ta rage a wayarsa ba sai ita. Sauran duk sun canja waya, waƙar kuma ba ta bin mutum. Ita kuwa shekara da shekaru ƙawayenta na yi mata dariya, sababbi sun fito tana maƙale da tsohuwa, ta ƙi rabuwa da ita saboda muryar ubanta na ciki. Sannan ga shawara mai nauyi a gabanta. In ta bar wayar yadda take, wataƙila wata rana wani ya farfaɗo da kamfanin a buɗe waƙar lafiya lau. In ta yarda a fasa aka kuskure, an rasa ta ke nan har abada, kuma da hannunta. Ta dubi ubanta a kan tabarma, ta dubi wayar. Ta miƙa wa Barau, ta ce, "Ungo, ɗan'uwana. Baba ba zai jira wata rana ba."

Barau kuma ya san abin da ya karɓa. An ƙera wayar ne yadda in ta ji ana taɓa mata ciki ba bisa ƙa'ida ba, sai ta goge duk abin da ke cikinta. Bayan haka, kamfani ya mutu amma ya bar magada, doka kuma ta hana fasa irin wannan kwaɗo. Shugabannin kasuwarsu sun sha gargaɗi cewa wanda aka kama ya bar teburinsa, in ma bai kwana a hannun hukuma ba. Ya shimfiɗa kayan aikinsa a zaure da hantsi, inda haske ke shigowa, ya gasa bayan wayar har danƙon ya saki, ya ɗaga murfin a hankali. Ya ɗauko wani zaren tagulla da bai kai kaurin gashi ba ya ɗora a inda ya kamata, gumi na ɗiga daga haɓarsa, Lantana ta rufe ido tana salati. Can sai ya sauke numfashi. Ya janyo waƙar ya juye ta a kwamfuta, wayar kuwa daga nan ba ta ƙara tashi ba. Aka danna da murna, sai aka ji shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Waƙar ta fito, amma a cukurkuɗe take.

Sai Jatau, Malam 'Yanci, wanda ake wa kallon mai surutun banza. Shekarun nan da yake duƙe a kan kwamfuta yana taya wasu mutanen da bai taɓa gani ba aiki, yana mayar musu da manhajoji Hausa, yana gyara musu kurakurai ba ko sisi, ashe gayya yake zuwa! Ran nan shi ma ya kira tasa. Ya aika musu cewa ga ubansa kwance, ga muryarsa a kulle. Jama'a, sai ga amsa daga ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa ba! Wani ya turo wata manhaja da aka yi don buɗe wani kwaɗo mai kama da wannan. Aka gwada, ba ta shiga ba. Da ta kamfani ce da magana ta ƙare a nan. Amma da yake a buɗe take, Jatau ya shiga cikinta yana karantawa, yana rage nan yana ƙara can, kamar maƙeri na goge mabuɗi. Ya gwada ta ƙi, ya sake ta ƙi, har Lantana ta fara harararsa. Ya sake dannawa. Kai! Sai ganga ta amsa, dum, dum, dum, sai ga muryar Cindo tangaram ta cika zaure.

Da gudu suka yi ɗakin tsohon, Barau har yana tuntuɓe da turmi. Maƙwabta suka ji kiɗan da suka daɗe ba su ji ba, suka yo ca, gida ya cika har katanga. Aka ajiye lasifika kusa da kansa. Cindo ya zaro ido. Yatsun hannunsa mai lafiya suka fara bugun tabarma. Waƙa na tafiya, gona bayan gona, leɓensa na motsi ba sauti. Da aka iso wurin da yakan zaburar da masu noma, sai wata murya a shaƙe ta fito daga kan tabarmar nan, ta hau kan ta lasifika:

"Wanda ya bar kunya a gona,
Shi zai kai kunya gida!"

Allahu Akbar! Mata suka rangaɗa guɗa, 'yan amshi suka karɓa daga tsakar gida, dattawa na kuka ba kunyar kowa. Lantana ta rungume Jatau, ta manta da wata baiwa da wata 'ya. Cindo ya bi waƙar nan har ƙarshenta bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Waƙa ta dawo bakin Cindo, amma magana ba ta dawo ba. Zai rera maka gonakin Tudun Kanya kaf, amma ya ce "ba ni ruwa" ya gagara. Kafin a jima kuma gardama ta tashi a kan waƙar. Jatau ya ce a sake ta duniya kowa ya kwafa, don kada wani ya ƙara sa mata kwaɗo. Lantana ta ce sam, baƙi sun ci da muryar ubansu sau ɗaya, ba za a sake ba, ta zauna a gida, mai so ya zo ya roƙa. Barau ya ce duk ranar da ta fita gari, magadan kamfani za su tambayi hannun da ya fasa, hannun kuma nasa ne.

Al'adar gidan makaɗa, wanda ke riƙe da ganga shi ke da ta cewa a kan waƙa. Cindo ya san hannunsa ba zai ƙara kaɗawa ba. Ya yi nuni aka sauko da gangar, ya tura ta tsakiyar 'ya'yansa. Suka durƙusa. Lantana ta ce, "Baba, wa ka ba?" Tsohon ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki, ya yi ta kokawa da harshensa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sunan bai fito ba. Waƙar ce ta sake fitowa, yana rerawa yana hawaye.

Shi ya sa shari'ar ta faɗo kanku. Kada wanda ya ce min mace ba ta gadon ganga, riƙo ake magana ba kaɗawa ba. Kada kuma a kawo min zancen hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gudun hukunci ne, ganga ɗaya ce ba a tsaga ta uku. Da Lantana ta bi wa'azin ƙanenta ta guji liƙaƙƙiyar waya, da waƙar ta ɓace a duniya. Da ba a sami mai hannu da ƙarfin halin Barau ba, da tana nan a kulle har yau. Jatau kuwa, da ya bar taurin kansa ya bi yayi kamar kowa, da shuuu ɗin nan kawai tsohon zai ji har ya koma ga Allah.

To, jama'a, Lantana, Barau ko Jatau, wa ya fi cancanta ya ɗauki gangar Cindo?