Jakunan Madugu a Lambun Albasa

An yi wani sarki mai tsananin son adalci, yana da wani tsohon alƙali, Malam Ɗalhatu, wanda shi ya koya masa karatu tun yana ƙarami, har yau kuwa in sun keɓe Baba yake ce masa.

A garin akwai wani madugu, Na-Allah, da ya ga hanyar kasuwa ta yi masa zagaye, sai ya riƙa ratsawa da jakunansa ta lambun albasar wani dattijo, Tanko. Sau uku Tanko yana kai ƙara, sau uku madugu yana zuwa da diyyar ɓarna a aljihu, ya biya yana murmushi, kashegari ya sake ratsawa. A karo na huɗu alƙali ya ƙiyasta ɓarnar, ya ninka ta sau biyar, ya ce a ba Tanko.

Madugu ya garzaya fada wai an zalunce shi. Ran sarki ya ɓaci, don ya rantse duk alƙalin da ya yi zalunci sai ya tuɓe shi, ko wane ne. Malam Ɗalhatu ya zo yana dogara sanda, ya san rawaninsa na shekara arba'in yana reto, amma abin da ya fi damunsa shi ne kada yaron da ya koya wa karatu ya ɗauke shi azzalumi. Sarki, murya a sanyaye, ya tambaye shi hujjar da za ta sa wanda ya ɓata kwando ɗaya ya biya biyar.

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda dabbarsa ta kuɓuce ta yi ɓarna, diyya ta wadatar. Amma wannan bawan Allah ya auna ya ga diyya ta fi zagaye araha, sai ya mai da zauren shari'a rumfar kasuwa, yana sayen lambun da mai shi bai sayar ba, ni kuwa na zama dillalinsa. Kwando ɗaya na albasa ne, huɗun na ganganci."

Sarki ya dubi madugu ya tambaye shi ko gobe zai ratsa. Madugu ya sosa ƙeya ya ce ai hanyar lafiya a bi ta da shekara. Fada ta ɗauki dariya.

Sarki ya tabbatar da hukuncin, ya miƙe ya yafa wa alƙali alkyabbarsa da hannunsa, ya ce, "Ashe ban gama karatu ba, malam."

Masu hikima sun ce, horon da mai ƙarfi zai biya yana murmushi, izinin zalunci aka sayar masa.