Garwashin Goggo Rahila

Inna, yau kwana tara ba ke a gaban murhunki. Ɗazu maƙwabciyarmu Mama Rifkatu ta aiko da tuwo, ƙanena Sallau ya ture kwanon, wai ba ya cin abincin waɗanda ba sa salla. Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na tuna ke ba haka kike yi ba. Sai na shimfiɗa tabarmarki, na tara ƙannena.

Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

Suka ce, "Ta zo mu ji ta, Yaya."

Wani gari ne mai unguwa biyu, ta gabas masu masallaci, ta yamma masu coci. Tun kaka da kakanni, wadda wutarta ta mutu sai ta ɗauki kasko ta shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi. Sai aka yi sabon mai gari. Ya sa aka ja shingen ƙaya a tsakiya, ya ce duk wanda ya ɗauko wutar ƙetare a kore shi daga gari.

Sai ruwa ya sauko, kwana bakwai bai ɗauke ba. Murhun gabas duk ya mutu. Ran nan 'yar mai gari ta haihu. Jariri na rawar ɗari, mai jego ba ruwan zafi. Sai Tabawa ungozoma ta ɗauki kasko, ta ce, "Sanyi ba zai kashe yaro a hannuna ba."

Ta je gidan liman. "Salamu alaikum, a san mini wuta."

Aka ce, "Toka ce kawai, Tabawa, taɓa ki ji."

Ta je gidan maƙeri. "A san mini wuta."

Ya ce, "Iya, yau ko gawayina iyo yake."

Sai ta hango hayaƙi a ƙetaren shinge. Ta nufi can. Dogari ya tare ta.

"Ina za ki, tsohuwa?"

"Inda hayaƙi yake."

"Za a kore ki fa."

"A kore ni bayan yaro ya yi ɗumi. Kauce, ja'iri, ni na yanke maka cibiya."

Sai ta kutsa. Ƙaya ta yage mata zane, ba ta waiwaya ba. Ta tarar da wata tsohuwa, Goggo Rahila, tana gyara murhu.

Tsohuwa ta ce, "'Yar Hajo ce? Shigo, kayanku kika zo karɓa. Ranar da aka kawo ni amarya, uwarki ta ɗebo mini garwashin nan daga murhunta. Shekara arba'in ban bari ya mutu ba. Ita in ta roƙi Allah da asuba sai ta sa ni, ni in na roƙe shi ran Lahadi sai in sa ta."

Tabawa ta rufe kasko da mayafi, ta komo. Aka dafa ruwa. Jariri ya tsala kuka.

Sai mai gari ya shigo. "A fitar mini da wutar ƙetare!"

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ga ta nan, jikanka na jin ɗuminta. Nuna mini ta gabas, nuna mini ta yamma, in ware maka."

Ya dubi wuta, ya dubi jariri. Wuta na neman mutuwa, itace ya ƙare. Sai ya ce, "A saro shingen nan a ƙara mata."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa toka. Wanda ya hura mana rai ɗaya ne, kada ku raina mai kiransa don ba daga ɗakinku yake kira ba.

Sai Sallau ya jawo kwanon.

Inna, safiyar da kika cika, ruwan sama ya kashe murhunmu. Ni na ɗauki kasko na shiga gidan Mama Rifkatu. Tana ɗiba tana kuka. Da wutarta aka ɗumama ruwan wankanki. Ban gaya wa kowa ba tukuna.