Bulon Shekara Ɗari

An yi wani attajiri mai kamfanin gine-gine, ana ce masa Alhaji Nomau. Wata safiya ya faɗo ɗakin gwaji na kamfanin, ya dire bulo gaban Tabawa, mai gwada kayan gini.

Ya ce, "Ki tabbatar min bulon nan zai kai shekara ɗari. In kin kasa, a bakin aikinki!"

Ta ce, "Alhaji, injinmu nauyin da bulo zai iya ɗauka kawai yake aunawa."

"Ba ruwana!"

Tabawa ta jawo masa kujera. "In na gwada a bayan idonka, za ka yarda?"

"Ina! Sai abin da na gani."

"Madalla. Zauna ka zuba masa ido, an fara gwaji."

Alhaji ya kafa wa bulo ido har azahar, sannan ya ce, "Wai yaushe za a gama?"

"Saura shekara casa'in da tara da 'yan watanni."

Ya zabura. "Ke! Zan kai?"

Ta ɗaga hannuwa sama. "Sai mu dage da addu'a, Alhaji. Ranka ya daɗe!"

Ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Sa shi a injin, 'yar nan, ina da wurin zuwa."