Tauraron da Istifanus Ya Ce Yana Mutuwa

Akwai wani masanin taurari, sunansa Istifanus. Yana aiki da wata na'urar hangen nesa da aka harba sama, tana kewaya duniya. Takan kama hasken tauraro, ta rarraba shi launi-launi kamar bakan gizo, ta aiko ƙasa, shi kuwa ya auna ƙarfin kowane launi.

Akwai tauraro guda da ya ƙwallafa rai a kansa. A shekara ta biyu ya ga shuɗin haskensa ya ragu kaɗan, a ta uku ya ƙara raguwa. Sai ya ce a ransa tauraron nan mutuwa yake yi, kuma shi ne ya fara gani.

Yana da abokiyar aiki, Malama Rifkatu. Kowane wata takan juya na'urar ga wani farin tauraro wanda aka san haskensa ba ya sauyawa, don a gane ko idon na'urar yana nan lafiya. Istifanus ya ga ɓata lokaci ne, da aka ba shi shugabanci kuwa ya hana, tun kafin tauraronsa ya fara dushewa. Ta roƙe shi, ta ce zafin rana da sanyin sama suna cin idon a hankali, ba wanda zai lura. A gaban mutane ya ce hassada ce ke damunta. Ta kwashe kayanta, ta bar aikin da ta yi shekara ashirin a ciki.

Shekara tara yana rubuce-rubuce, ana gayyatarsa manyan tarurruka, ana tafa masa.

Ran nan wasu masana suka matsa a sake duba farin tauraron. Aka juya na'urar. Ashe shi ma ya dushe, daidai gwargwadon na Istifanus. Ya duba wani, ya duba wani, duk haka. Idon na'urar ne ya raunana, ba tauraronsa ba.

Ya tafi gidan Rifkatu, ya same ta tana shanya kuɓewa, ya nemi gafara. Ta ce, “Na yafe maka tun tuni, Malam. Amma shekara tara ba wanda ya gwada idon nan, ba wanda ya san nawa ya ragu a wace shekara. Ba abin da za a tsinta a aikinka.” Ya juya da furfurarsa, ya kama hanyar gida.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Na'urar zuciyarka ce, farin tauraron kuwa Almasihu ne, wanda ba ya sauyawa. Zuciya ba ta makancewa rana ɗaya. Kana cewa wa'azi ya yi salam, matarka ta sauya, Allah ya yi nisa, alhali kai ne ka daina gwada kanka da shi, ka kuma kori mai faɗa maka gaskiya. Gafara kam tana nan, Ubangiji ba ya hana ta. Amma shekarun da ka yi kana zargin masu ƙaunarka, ba mai mayar musu da su. Ka gwada zuciyarka yau, tun tana gani.